Wa Ya Kunna Wutar?

A karanta: Fitowa 22:6, 1 Sama'ila 15, 2 Sama'ila 12:1-14, Luka 19:1-10.

Daga Mainika nake rubutu, a ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano. Kaka ta yi, an yanke dawa, iskar hunturu kuwa ta fara busowa. Lokacin gobara ke nan. Kowane manomi daga nan har Kabo ya sani ƙaramar wuta a irin wannan lokaci tana iya cinye wahalar shekara guda kafin a ɗebo tulu ɗaya na ruwa.

Allah ya ba Musa doka a kan wannan abu. Cikin Fitowa 22:6 an yi maganar wutar da ta kama ƙaya, ta wuce ta cinye dammunan hatsi ko hatsin da ke tsaye a gona. Shari'ar ba ta tambayi iska ba, ba ta kuwa tambayi ƙaya ba. Tambaya ɗaya ta yi: wa ya kunna? Shi ne zai biya. Ko da bai yi nufin ɓarna ba, hannunsa ne ya sa wutar. A kan wannan nake so mu yi tunani a wannan wata.

1. Yadda bakinmu yake ɓoye mu

Ku saurari yadda muke magana sa'ad da abu ya lalace a hannunmu. Yarinya ta dawo daga rijiya ta ce, "Tulu ya fashe." Ma'aji ya ce, "Kuɗi sun ɓace." Mai gona ya ce, "Wuta ta tashi." Sai ka ce tulu ya jefar da kansa, kuɗi sun yi ƙafa, wuta kuma ta sauko daga sama. In an matsa mana, sai mu ce tsautsayi ne, wai ba ya wuce ranarsa. In an ƙara matsawa, sai mu ce aikin Shaiɗan ne.

Wannan hali ya tsufa. Sa'ad da Allah ya tambayi Adamu a gonar Aidan, Adamu ya nuna matarsa, har ya tuna wa Allah cewa shi ne ya ba shi ita. Matar kuma ta nuna maciji (Farawa 3). Sa'ad da Musa ya sauko daga dutse ya tarar da jama'a suna yi wa ɗan maraƙin zinariya sujada, Haruna ya ɗora wa jama'a laifi, ya kuma ba da labarin kamar shi dai zinariya ya zuba a wuta, maraƙi ya fito don kansa (Fitowa 32). Alhali kuwa farkon surar ya nuna mana da hannunsa ya siffata shi. Babban firist ke nan, ɗan'uwan Musa. Idan Haruna ya yi haka, kada waninmu ya ce shi ya fi ƙarfin wannan jaraba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

2. Abin da ya same ni

Ba zan yi muku wa'azi a kan abin da ban ɗanɗana ba. Shekarun baya, a irin wannan lokaci, na tara ƙaya da busasshiyar ciyawa a gefen gonata na sa musu wuta da la'asar. Da na ga harshen wutar ya kwanta, sai na yi sauri na tafi, gama akwai taron addu'a da yamma, ni ne kuwa mai bi da shi. Ban zuba ƙasa a kan garwashin ba. Da dare iska ta tashi. Wutar ta bi shinge ta shiga gonar maƙwabcina, wani dattijo Musulmi wanda muka yi shekaru muna zaman lafiya da shi. Dami 15 na dawa da ya tara, yana jira a kwashe su zuwa gida, suka zama toka.

Da gari ya waye mutane suka taru a gonar. Ni ma na je, na yi masa jaje tare da kowa. Wani ya ce jiya ya ga wani yaron makiyaya da shanu a wajen. Nan da nan magana ta zauna a kan yaron. Na ji, na yi shiru. A zuciyata na ce, ai ban tabbata wutata ce ba. Na ce kuma, in aka ji mai bishara ne ya ƙone hatsin Musulmi, sunan ekklesiya zai ɓaci. Kun ga yadda mutum yakan ɗauki sunan Allah ya yi mayafi da shi?

Kwana uku ina cikin wannan hali. Abinci ba ya shiga, addu'a ba ta fita. A dare na uku uwargidana ta ajiye mini tuwo, ta zauna, ta ce, "Malam, ran nan da ka dawo daga gona rigarka tana ƙaurin hayaƙi. Ni na wanke ta. Gobe kuwa an ce za a kai uban yaron nan gaban dagaci." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni ma ban iya cin tuwon ba.

Da sassafe na kira wani dattijon ekklesiya ya raka ni. Muka yi sallama a zauren maƙwabcina. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wutar nan ni na kunna ta. Yaron ba shi da laifi."

Ya dube ni, ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, me ya hana ka faɗa tun ranar?"

Na ce, "Kunya, Baba, da tsoro."

Ya ce, "Dawa dai ta ƙone, Allah zai mayar. Yaron fa? Ubansa ya riga ya yi masa dūka."

Wannan magana ta fi mini dūkan zafi. Na mayar da dami 15 daga rumbuna. Na ƙara 3, gama Littafin Firistoci 6:1-7 ya umarci wanda ya yi wa maƙwabcinsa rashin gaskiya game da kayansa ya mayar, ya kuma ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Dattijon ya karɓi 15, ya ce a kai 3 ɗin ruga. Na kai da kaina, na durƙusa na roƙi uban gafara, na roƙi yaron kuma. Ran Lahadi na tsaya a gaban jama'a na faɗa musu duka. A shekarar nan hatsinmu bai kai mu damina ba, sai da muka sayar da akuya muka auno a kasuwar Getso.

Ku lura da abu guda. Wutar sakaci ce, kuskure irin na kowane ɗan adam. Shirun da na yi kuwa zunubi ne da na zaɓa ido buɗe. Dawar ta biyu. Bulalar da yaron ya sha ba ta biyuwa, har yau kuwa in na gan shi sai na tuna. Da na buɗe baki a safiyar farko, da ba a taɓa shi ba. Kuskuren da aka ɓoye yakan haifi 'ya'ya, wani dabam ne kuma yakan yi renonsu.

3. Sarki biyu

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana sarki biyu kusa da juna domin mu gwada. Dukansu sun yi laifi. Dukansu Allah ya aiko musu annabi.

Saul ya ƙi cika umarnin Allah a yaƙin Amalekawa. Da Sama'ila ya zo, Saul ya fara da cewa ya cika umarnin. Da kukan tumaki ya tona shi, ya ce jama'a ne suka kawo su. Da aka ƙara matsa masa, ya ce domin hadaya aka kawo su. Daga ƙarshe ya amsa ya yi zunubi, amma nan take ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Abin da ya dame shi idon mutane ne. Mulki ya fita daga hannunsa. Bai kuwa koyi kome ba, gama wanda ya ce ba shi ya yi ba, me zai gyara?

Laifin Dawuda ya fi na Saul muni a idonmu. Ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin a bakin dāga. Amma da annabi Natan ya ba shi misalin 'yar tunkiyar matalauci, ya nuna masa shi ne mutumin, Dawuda bai kawo hujja ko ɗaya ba. Bai ce matar ce ta yi wanka a fili ba. Bai ce Yowab ne ya tsara yaƙin ba. Ya amsa laifinsa a gaban Ubangiji. Allah ya gafarta masa, ko da yake sakamakon abin ya bi gidansa shekaru da yawa. Ku karanta Zabura 51 ku ga addu'ar mutumin da ya daina ɓuya. A cikinta ya yi alkawari zai koya wa masu laifi hanyar Allah. Faɗuwarsa ta zama makaranta a gare shi, ta zama makaranta a gare mu kuma.

4. Abin da ya faru a Kano a 1900

Kada mu ce wannan magana ta mutanen dā ce kaɗai. Tana cikin tarihin zuwan bishara ƙasarmu.

A shekara ta 1900 Turawan mishan biyar na ƙungiyar C.M.S. suka taso daga Ikko suka nufo ƙasar Hausa. Bishop Tugwell ne shugabansu. A cikinsu akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau. Amma zuciyarsu tana Kano, suka wuce suka shiga birnin ba tare da an gayyace su ba. A lokacin Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903. Sarkin Kano Alu ya kira su fada, ya ƙi roƙonsu na zama, ya ba su 'yan kwanaki su bar garinsa. Wa zai ga laifinsa? Ko a gidan talaka, baƙo yakan yi sallama ya jira a amsa.

Suka koma kudu suka sauka a Girku, a ƙasar Zazzau. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Wani kuma ciwo ya mai da shi Ingila. Labarin korarsu ya kai Ingila, ya zama ɗaya daga cikin dalilan da gwamnatin Turawa ta riƙe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗuwa sosai a ƙasar Kano, ta hanyar jinyar kutare da S.I.M. ta karɓa a Yadakunya a 1937, da asibitin ido na Kano a 1943. Gaggawar 'yan kwanaki tana cikin abin da ya jawo jiran shekara 30 da ɗoriya.

Mutanen nan suna da himma, sun kuwa sa ransu a hannu saboda Almasihu. Da Miller ya ga dama, da ya ce duk laifin sarki ne, ya kira abin tsanani kawai. Amma daga baya, cikin rubutunsa, ya amsa cewa zuwansu Kano babban kuskure ne. Ya kuma nuna ya koya. Da ya zauna a birnin Zariya a 1905, da izini ya zauna. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya yi shekaru yana sauraron Hausa daga bakin masu ita. Da shi da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Ya rasu a Nijeriya a 1952. Littafin da iyayenmu suka koyi karatu da shi ya bi ta hannun mutumin da ya iya cewa, mun yi kuskure.

5. Abu uku da Allah yake nema

Na fari, ka faɗa. Ka faɗa da sunanka, ka faɗa da wuri, ka faɗa wa wanda abin ya shafa. "A yi haƙuri in an ɓata wa wani rai" ba amsa laifi ba ne. Ka ce, "Ni na yi, ga abin da na yi." Kada ka ɗaura masa wutsiyar "amma". Misalai 28:13 ya koya mana mai rufe laifinsa ba zai ga albarka ba, jinƙai kuwa yana jiran wanda ya furta ya rabu da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Waɗansu sukan faɗa wa Allah a ɗaka su ce magana ta ƙare. In maƙwabcinka ne ka cuta, Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24).

Na biyu, ka biya. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga hawaye ba. Ranar da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan wannan ne Ubangiji ya yi shelar ceto a gidan. Kuɗi ba ya sayen gafara, gama gafara kyauta ce. Amma wanda aka gafarta masa da gaske ba ya iya barci da kayan wani a ɗakinsa. In akuyarka ta ci gonar wani, ka auna ɓarnar ka biya. In ka karɓi bashin taki, ka biya. In ka taɓa kuɗin baiko da nufin za ka mayar bayan kasuwa, ka je wurin dattawa yau, kada ka jira ranar lissafi. In sunan wani ka ɓata, ka koma inda ka ɓata shi ka gyara a gaban waɗanda suka ji. In ba ka da abin biya gaba ɗaya, ka faɗi gaskiya, ku yanka lokaci, ka riƙa kawowa kaɗan kaɗan.

Na uku, ka koya. Baƙin ciki kaɗai ba koyo ba ne. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Ka zauna ka tambayi kanka: ta wace ƙofa abin nan ya shigo? Ni, da na bincika, na ga ba iska ce ta ci dawar maƙwabcina ba, gaggawata ce. Tun daga ranar, in zan ƙone ƙaya sai na share kewayen wurin, sai da sassafe kafin iska ta tashi, ba na kuwa barin gona sai na binne garwashin da ƙasa. Na ga kuma kunya ta fi wuta haɗari a gare ni. Saboda haka na roƙi dattijon da ya raka ni ya riƙa tambayata, ba tare da jin nauyina ba, in ya ga ina kewaye-kewaye. Ma'ajin da kuɗi suka taɓa ɓacewa a hannunsa, bari ya koyi ƙirga baiko tare da mutum biyu, a rubuta a littafi kafin a bar majami'a. Kuskuren da ka amsa yakan zama malaminka. Wanda ka ƙi amsawa zai dawo, gama bai gama da kai ba.

6. Magana ga iyaye da dattawa

Me ya sa mutane suke ɓoye laifi? Sau da yawa mu ne muka koya musu. Yarinyar da ta ce, "Inna, ni na fasa tulun," in ta sha dūka fiye da wadda ta yi ƙarya, gobe ita ma ƙarya za ta yi. Ku hori 'ya'yanku, amma ku bar su su ga gaskiya tana da lada. Uba kuma, in ka yi wa ɗanka faɗa a kan abin da bai yi ba, ka kira shi ka ce ka yi kuskure. Girmanka ba zai zube ba. Ranar ce zai koyi abin da wa'azi goma ba su koya masa ba.

Haka kuma cikin ekklesiya. In ɗan'uwa ya amsa laifinsa, ya karɓi horo, ya gyara, kada mu rataya masa laifin a wuya har kabari. Yohanna Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi (Ayyukan Manzanni 15:36-40). Barnaba ya ɗauke shi. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta. A bakin wata wuta kuma, a gaɓar tekun Galili, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yohanna 21). Da za a ƙi duk wanda ya taɓa faɗuwa, da ba mai hawa bagadi ran Lahadi, har da mai wannan rubutu.

Ga tushen maganar duka. Mu 'ya'yan Adamu mukan ɗauki laifinmu mu ɗora wa marar laifi. Yesu Almasihu, shi da ba shi da laifi ko ɗaya, ya ɗauki namu ya ɗora wa kansa a kan gicciye. Saboda haka Kirista ba shi da dalilin ɓuya. Abin da kake tsoro a sani, Allah ya riga ya sani, an kuwa riga an biya hukuncinsa. 1 Yohanna 1:9 ya tabbatar mana gafara da tsarkakewa suna jiran mai furtawa.

Mai karatu, wace wuta ka kunna ka tafi ka bari? Wa yake shan zargi a madadinka yau? Akwai zauren da ya kamata ka yi sallama a cikinsa kafin Lahadi mai zuwa? Kada ka ce sai bayan kaka. Ni na jira kwana uku kawai, yaro ya sha bulala.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ganin abin da ke ɓoye. Ka cire mana tsoron mutane, ka ba mu tsoronka. Ka buɗe bakinmu mu amsa laifinmu, ka buɗe hannunmu mu mayar da abin da muka ɓata, ka ba mu hankali kada mu koma cikinsa. Ka koya mana karɓar ɗan'uwan da ya tuba kamar yadda ka karɓe mu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Daga wani mai bishara, Mainika.